Babi na Bakwai: Wace Babbar Manhaja Za Ku Ɗora wa Kwamfutarku?

Darasi na 1: Sunaye uku

Iyayena da 'yan'uwana, ku kunna kwamfutarku. Da farko za ku ga tambarin kamfanin da ya ƙera ta. Abin da ya biyo baya, wanda yake nuna muku agogo da alamar batir da fayilolinku, shi ake kira babbar manhaja. Iri uku za ku riƙa ji.

Windows ta kamfanin Microsoft ce, ita kusan kowa ya sani. macOS ta kamfanin Apple ce, a kan kwamfutar Apple kaɗai take aiki, don haka in taku HP ce ko Dell ko Lenovo, ku cire ta daga lissafi. Ta uku ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma tana da iri-iri. Wadda za mu yi aiki da ita sunanta Linux Mint.

Darasi na 2: Wacce ta fi zama lafiya, wacce ta fi sauƙin ɗorawa?

Zaman lafiyar manhaja shi ne ta yi aiki ba ta sandare ba, kuma masu ita suna ci gaba da aiko mata gyara. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10. Kwamfuta ba za ta mutu ba, amma duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano, a buɗe za ta zauna, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin gyara na ɗan lokaci na Microsoft. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwa giga 4, rumbun ajiya giga 64, da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba, alhali irin su ne na-hannu da akasarinmu ke iya saye.

Linux Mint 22 ta fito a 2024, za a kula da ita har 2029. Tana tashi da ƙwaƙwalwa giga 2, ko da yake giga 4 ya fi. Ba ta kashe kanta ta sake tashi kuna tsakiyar aiki don sabuntawa, sai lokacin da kuka ga dama.

Wajen ɗorawa, Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft. Mint ba ta tilasta ko ɗaya, kuma tana zuwa da LibreOffice na rubuta takarda da lissafi, da Firefox na shiga intanet. Amma ku ji gaskiya: CorelDRAW da Photoshop ba a yi su don Linux ba. Wanda abincinsa yake wajen zanen katin biki da kalanda, ya zauna a kan Windows, ta gaskiya mai lasisi. Sauranmu masu tsohuwar kwamfuta, a ganina Mint ta fi mana.

Darasi na 3: Tayar da kwamfuta daga filashi

Kafin komai, ku kwashe hotuna da takardunku zuwa wani wuri dabam. Sannan ku samo filashi mai giga 8 wanda babu komai a ciki, domin manhajar Rufus da za a zuba Mint da ita tana share duk abin da ta tarar. Zubawar tare za mu yi a aji.

Yanzu ga inda kowa yake tuntuɓe. Ku karanta a hankali.

Ku kashe kwamfutar gaba ɗaya. Rufe murfi ba kashewa ba ne. Ku soka filashin. Ku nemo maɓallinku a layin sama na allon rubutu: HP, F9. Dell, F12. Lenovo, F12. Ku ɗora yatsa a kansa tun kafin ku kunna. Sai ku kunna da ɗaya hannun, nan take ku fara danna maɓallin, tak, tak, tak, ba tsayawa, har wani ɗan jeri ya fito a allo.

Na sake faɗa: yatsa a kan maɓalli kafin kunnawa. Kafin, ba bayan ba.

Abin da yake faruwa shi ne, mutum ya kunna, ya zuba wa allo ido yana jiran a ce masa “danna”. Babu mai ce muku. Daƙiƙa biyu ko uku ne, lokacin da tambarin kamfani yake allo. Kamar tsayar da adaidaita ne, in kun ɗaga hannu bayan ya wuce sai ku jira wani. In kuka ga ɗigo-ɗigon Windows suna juyawa, kun makara. Ba ku ɓata komai ba, kada hankalinku ya tashi. Ku bari ta gama tashi, ku kashe, ku sake.

Dannawa ɗaya ba ta isa. Danne shi ku riƙe ma ba shi na ce ba. Dannawa da saki, dannawa da saki.

Kuma F12 maɓalli ɗaya ne. Na sha ganin ana danna F, sannan 1, sannan 2. Ku duba layin can sama, za ku gan shi a rubuce a kan maɓalli guda. A wasu kwamfutocin Lenovo sai kun haɗa da Fn da ke ƙasa ta hagu.

In jerin ya fito, linzami sau da yawa ba ya aiki a nan. Ku sauka da maɓallin kibiya zuwa layin da ke da USB ko sunan filashinku, ku danna Enter.

Haba jama'a, wannan ba abin da za a kai wa yaro ya yi muku ba ne. Wasunku da zarar abu ya ƙi sau biyu sai su rufe kwamfuta su ce ba rabonsu. Wanda ya koyi karatu da furfura a kansa, maɓalli ɗaya ba zai gagare shi ba. Kada wanda ya zo mini mako mai zuwa bai gwada a gida ba. Ku maimaita har hannu ya saba: kashe, soka filashi, yatsa a kan maɓalli, kunna, tak, tak, tak.

Darasi na 4: Gwaji kafin ɗorawa

Mint za ta buɗe daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutarku ba. Ku gwada Wi-Fi, ku gwada sauti. Ku zaɓi allon rubutu na Hausa ku ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito. In komai ya yi, ku danna sau biyu a kan alamar da aka rubuta “Install Linux Mint”. Inda kuka ga “Erase disk”, ma'anarsa share komai. Wanda bai kwashe kayansa ba ya tsaya nan. Batir ya zama cike, saboda ɗaukewar wuta.

Darasi na 5: Ɗora Windows 11

Filashi ne dai, amma wanda aka zuba wa Windows 11, maɓallin ma shi ne. Ku tanadi intanet, ku bi tambayoyin.

Darasi na 6: Sabuntawa

A Mint, ku danna alamar garkuwa da ke ƙasa ta dama. A Windows, ku shiga Windows Update. Sau ɗaya a mako ya isa.