Yadda za ka ci moriyar shekarar farko a sashen zane na jami'a

Na shiga jami'a ina ganin hannuna ya riga ya faɗa, don tun ina sakandare ake kawo mini hotuna in kwafa. A mako na biyu malaminmu ya ajiye kujera a tsakiyar situdiyo, ya ce kada kowa ya zana kujerar, mu zana sararin da ke tsakanin ƙafafunta. Awa uku muka yi a kai. Ran nan na gane ido ake horarwa a shekarar farko, hannu kuwa biyo baya yake yi.

Kafin komai, ka sayi littafin zane da zai shiga jakarka, A4 ko A5, da fensir uku: HB na layi, 2B na yawancin aiki, 6B na inuwa mai duhu. Ka sa kwanan wata a kowane shafi, kuma kada ka yage ko ɗaya, ko da ya ɓaci. Malamai suna son ganin yadda tunani ya tsiro har ya zama aiki, wannan littafin kuma shi ne shaidarka. Abin da ke gabanka za ka zana, ba hoton waya ba, domin kyamara ta riga ta shimfiɗe abu a fili, ta yi aikin da ya kamata idonka ya koya. Ni minti ashirin nake warewa kullum: mutum a zaune, in kama tsayuwar jikinsa cikin daƙiƙa 30, sai wani cikin minti biyu. Wajen awo, ka miƙe hannu sosai da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka gwada tsayin kai da sauran jiki. Babban mutum yakan kai kusan tsayin kansa bakwai da rabi.

Za a sa ka yanka takarda, da murɗa yumɓu, da jera murabba'ai baƙi da fari, har ka fara tambayar ina zanen da ka zo koya. Ka yi haƙuri da su. Wannan tsari yana da tushe a makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, inda kowane ɗalibi sai ya bi ta kwas ɗin share fage kafin ya zaɓi fanni. Josef Albers, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a can kafin ya koma Amurka a 1933, yana da wani darasi da har yau nake maimaitawa. Ka yanki ƙananan takardu biyu masu launi ɗaya, ka ɗora ɗaya a kan babbar takarda mai haske, ɗaya a kan mai duhu. Za ka rantse launi biyu ne. Wanda ya ga haka da idonsa ya daina zaɓen launi shi kaɗai, sai ya duba maƙwabcinsa.

Inda na fi so ka natsu shi ne zaman sharhi, ranar da kowa zai liƙa aikinsa a bango a tattauna. Karon farko da aka ce tsarin aikina ya yi nauyi a gefe ɗaya, raina ya ɓaci, na yi ta kare kaina, na fita ban ƙaru da komai ba. Daga baya na sauya hanya. Ina faɗin abin da na so cimmawa cikin jimla biyu, sai in yi shiru in buɗe littafi ina rubuta abin da ake faɗa. In wani ya ce bai yi masa ba, sai in tambaye shi: a ina idonka ya fara sauka, kuma ina ya tsaya? Amsar wannan tambaya ta fi yabo amfani nesa ba kusa ba. Kada ka ƙi zuwa don ba ka gama ba, kawo shi a yadda yake. In kuma kai ne mai magana a kan aikin wani, ka nuna wurin da yatsa, ka faɗi dalili.

Kayan aiki ma suna da nasu lokaci, ba ruwansu da ranar miƙa aiki. Fentin akirilik yana bushewa cikin mintuna, na mai kuwa sai ya ɗauki kwanaki. Yumɓun da bai bushe sarai ba yana iya fashewa a wuta lokacin gasa shi. Zanen gawayi in ba a fesa masa abin kama shi ba, gogewa zai yi a jaka. Saboda haka daga ranar miƙawa za ka riƙa lissafi kana komowa baya.

In aikin kwamfuta ne za a buga, ka tuna allo da haske yake haɗa launi, wato RGB (ja, kore da shuɗi), injin bugu kuwa da tawada huɗu, CMYK. Shuɗin da ke walƙiya a allo yakan fito a dushe a takarda. Ka saita fayil ɗin a CMYK tun farko, hotuna a ɗigo 300 cikin kowane inci, ka kuma buga gwaji ƙarami kafin babba.

Duk aikin da ka gama, ka ɗauki hotonsa kafin ka miƙa, kusa da taga, ba tare da filashi ba, kyamara tana fuskantarsa daidai. Ka sa wa fayil ɗin suna, da shekara, da girma, da kayan da ka yi aikin da su, ka ajiye a wuri biyu. Ranar da za a ce ka zaɓi fanni, ko fenti, ko sassaƙa, ko zanen yadi, ko tsara hoto da rubutu, ka buɗe waɗannan hotuna da littattafan zanenka a jere. Ni a nan na ga shafukana sun cika da siffofin haruffa, alhali da niyyar fenti na shigo, sai na cike fom na zaɓi tsara hoto da rubutu.