Yadda ake duba ƙasar da aka ƙera kayan nutso kafin a saya

Mai neman kayan nutso a teku yakan fara da tambayar ko kayan Italiya sun fi na Amurka. Tambayar ba ta da amfani sosai, domin kowace ƙasa tana da mai kyau da marar kyau. Abin da ƙasa take yanke maka shi ne awo: irin haƙoran bawul (famfon da ke bakin tukunyar iskar da mai nutso ke goyawa), irin lissafin iska, hatimin da ke jikin tukunya, da inda za ka sami kayan gyara. A nan ne ake asarar kuɗi, wani lokaci har da rai. Ga yadda za ka bi abin.

Fara da sanin inda za ka riƙa shiga ruwa, sannan ka zaɓi mahaɗin regileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya don a iya shaƙa. Iri biyu ne a duniya. Akwai DIN, tsarin Jamus da ya mamaye Turai, wanda ake murɗa shi cikin bakin bawul, zoben robarsa yana jikin regileta, a danne ta kowane gefe. Akwai kuma yoke, wanda wasu ke rubuta INT, shi ne ya fi yawa a Amurka da tsibiran Karibiyan: ana ɗora shi a kan bawul a matse da noti ta baya, zoben robar kuwa yana jikin bawul. Yoke ba ya wuce kimanin bar 232 (bar awon matsin iska ne). DIN yana da na bar 232 mai haƙora 5 da na bar 300 mai haƙora 7, an kuma yi su ne yadda regileta ta ƙaramin matsi ba za ta toshe bakin bawul na 300 ba. Shawararmu ita ce ka sayi DIN ta bar 300, ka haɗa da adafta ta yoke a jaka. Da wannan za ka hau kusan kowace tukunya. Idan kuma yoke gare ka, aka ba ka tukunya mai bakin DIN na 232, akwai ɗan toshi mai rami a tsakiya da ake murɗawa ciki da alanki ya mai da shi yoke. Mai zuwa Bahar Maliya, ta Hurghada ko Jidda ko Port Sudan, ya tambayi masu jirgin irin bawul ɗinsu tun kafin ya ɗaure kaya.

Mataki na biyu shi ne mafi haɗari, don haka za mu daɗe a kansa. Kada ka taɓa haɗa bawul na wata ƙasa da tukunyar wata ƙasa sai ka karanta abin da aka buga a jikinsu. Wuyan tukunyar Turai yawanci M25x2 ne, wato faɗin milimita 25, tazarar haƙori milimita 2. Na Amurka 3/4 NPSM ne, faɗinsa ya ɗan haura milimita 26, haƙora 14 a kowane inci. Bambancin bai taka kara ya karya ba a ido, kuma nan ne matsalar take. Bawul na M25x2 zai shige wuyan tukunyar Amurka, ya murɗu, har zoben roba ya riƙe iska kamar komai lafiya, alhali bakin haƙoran kawai ke riƙe da shi. A bar 200, ƙarfin da ke tura bawul ɗin waje ya kai kimanin tan guda. Ranar da haƙoran suka saki, bawul ɗin fita yake kamar harsashi, kuma yawanci a wajen cika iska abin ke faruwa, lokacin da mutum ke tsaye a kansa. An yi asarar rayuka ta wannan hanya. Alamar da hannu zai ji ita ce: bawul da ya dace yana shiga sumul daga farko har ƙarshe ba tare da girgiza ba. Wanda ke rawa a cikin wuya, ko ya cije bayan 'yan murɗi, a cire shi. Idan rubutun ya goge, a kai wa mai gejin auna haƙori. Masu sayen tukunya ta gwanjo su fi kowa kiyaye wannan, don sau da yawa tukunya daban take zuwa, bawul daban.

Daga nan ka karanta kafaɗar tukunya. Ta Amurka tana ɗauke da hatimin DOT, da 3AL idan ta alminiyam ce ko 3AA idan ta ƙarfe ce. Ta Kanada TC ce. Ta Turai tana da CE ko alamar π. Wurin cika iska yana iya ƙin taɓa tukunyar da hatiminta ba na ƙasarsu ba ne, komai sabuntarta. Duba kuma kwanan watan gwajin matsi na ƙarshe, wanda a Amurka da Birtaniya duk shekara 5 ake yi. Idan ta alminiyam ce ta kamfanin Luxfer da aka yi a Amurka kafin tsakiyar 1988, da alminiyam nau'in 6351 aka ƙera ta, wanda aka san shi da tsagewa a wuya a hankali. Mu dai ba ma ba da shawarar sayenta ko da kyauta ce.

Lissafin girma ma ya sha bamban. Turai na faɗin cikin tukunyar da lita, Amurka na faɗin yawan iskar da ta ɗauka da awon kubik fit. Shahararriyar tukunyar Amurka AL80 cikinta lita 11.1 ne, ana cika ta zuwa psi 3,000 a awon matsi na Amurka, wato bar 207, iskarta kusan lita 2,300. Tukunyar Turai mai lita 12 a bar 232 tana ba da lita 2,784. Ga mai shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa, a zurfin mita 20 lita 60 yake ci a minti, ke nan bambancin ya kai minti 8. Saboda haka geji da kwamfutar nutso su zama masu awon da abokan nutsonka ke amfani da shi. Bar ɗaya psi 14.5 ne. Wanda ya saba juyowa a bar 50 ya kalli gejin psi yana cikin ruɗu, lissafi ba zai zo masa da sauƙi a ƙarƙashin ruwa ba. Kwamfutoci irin na Suunto ta Finland da Shearwater ta Kanada ana iya sauya musu awo, gejin allura kuwa yadda aka buga shi haka zai mutu.

Sai sanyin ruwa. Regiletar da ake sayarwa a Turai tana bin ƙa'idar EN 250. Idan ka ga an rubuta >10°C (sama da digiri 10) a jikinta, ta ruwan ɗumi ce kawai. A ruwan da ya fi haka sanyi, iskar da ke faɗaɗa a ciki na iya daskarar da danshi, ta maƙale a buɗe, iska ta yi ta zuba har tukunya ta ƙare. Kamfanonin da suka taso a ƙasashen sanyi, kamar Apeks ta Ingila da Poseidon ta Suwidin, a wannan fanni suka yi suna. Mai nutso a ruwan zafi kaɗai ba ya buƙatar biyan kuɗin wannan kariya. Masu amfani da naitiroks, iskar da aka ƙara mata iskar oksijin, su lura kuma cewa ƙa'idar Turai ta ware masa bakin bawul na M26x2, wanda DIN na yau da kullum ba ya shiga.

Kafin ka biya, tambayi wanda zai yi maka sabis. Regileta tana buƙatarsa duk shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon umarnin kamfani, kuma yawancin kamfanoni ba sa sayar da kayan gyaranta sai ga dillalan da suka amince da su. Regileta mai tsada da sai an tura ta wata nahiya kafin a canja mata zoben roba za ta fi zama a akwati fiye da shiga ruwa. Garanti ma wani lokaci yana tsayawa a yankin da aka saya. Wani sauƙi guda: ramukan tiyo kusan ɗaya ne a ko'ina, inci 3/8 na ƙaramin matsi, inci 7/16 na babban matsi.

Sunan kamfani kuma ba ya nuna masana'anta. Cressi ta Genoa ce, Mares ta Rapallo, amma Scubapro da aka kafa a Amurka a 1963 tana ƙera regileta a Italiya, kuma gilashin fuska da takalman iyo masu yawa daga Taiwan suke fitowa da sunaye iri-iri. A waɗannan, fuska da ƙafa ne alƙalai. Ɗora gilashin a fuska ba tare da sa igiyar ba, ka ɗan ja iska ta hanci, ka saki hannu. Idan ya tsaya to ya dace. Mai faɗin hanci ya duba ko aljihun hancin yana danna shi, ya kuma gwada matse hancin da yatsu biyu. Rigar roba ma sai an saka, domin girman L na Italiya yakan fi na Amurka matsewa, kuma rigar da ta yi yawa ruwa ke yawo a cikinta yana kwashe ɗumin jiki.