Babi na Shida: Ɗaurin Kaya a Kan Buɗaɗɗiyar Tirela

Wannan babi na yaran mota ne, da 'yan dako, da direbobin da ke zuwa ajin dare. Motar da muke magana a kai ita ce tirela marar bango, irin wadda ke ɗaukar siminti, ko rodin Ƙofar Ruwa, ko katakon Na'ibawa. Karanta a hankali. In wata kalma ta gagare ka, ɗora yatsa a kanta ka tambayi na kusa da kai, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Kafin lodi

Fara da share bayan motar. Yashi, baƙin mai da garin siminti duk suna sa kaya zamewa. Mai nauyi shi ne a ƙasa, kuma a tsakiya, kada dama ta rinjayi hagu. Jerin farko ya jingina da ƙarfen gaba, kada a bar rata, domin in direba ya taka birki, gaba kaya ke yi, wato inda kuke zaune. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 kuwa tan 30. Kada wani ya ce maka nauyin kaya kaɗai zai riƙe shi.

Darasi na 2: Bel

Bel shi ne igiyar ɗaurin kaya mai faɗi, mai ƙugiya da hannun ƙarfe da ake jan sa da shi. A jikin sabon bel akwai 'yar takarda da aka ɗinka, galibi shuɗiya. Nemi haruffa biyu, L da C, sai lamba a gabansu. In ka ga 2500, ƙarfinsa kusan tan biyu da rabi ke nan, ko da a kasuwa an ce maka mai tan biyar ne. Bel ɗin da ya yage, ko aka ƙulla shi a tsakiya, ajiye shi. Maƙala ƙugiya a jikin ƙarfen bodi mai ƙwari. Kafin ka jefa bel ta saman kaya, ɗaga murya ka ce a kauce, ka jira a amsa. Inda zai hau kan kaifi, sa guntuwar tsohuwar taya ko kwali a ƙarƙashinsa. Manyan ƙarafa kuwa sarƙa suke so.

Darasi na 3: Tsaya ka ƙara ja

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Ka ɗaure kaya tamau a Dawanau, ka buga bel da hannu yana amsawa kamar tsarkiyar baka. Madalla. To amma da zarar mota ta yi tafiya, ta sha rami ta sha kwana, buhuna sai su kwanta, katako ya zauna, bel ya saki. Ba laifin ɗaurinka ba ne, haka kaya yake. Saboda haka sai an tsaya an ƙara ja.

In kun tashi daga Kano kun ɗauki hanyar Zariya, ku tsaya wajen Kura. Hanyar Katsina, wajen Bichi. Hanyar Maiduguri, kafin Wudil. A sami wuri shimfiɗaɗɗe nesa da kwalta, direba ya ja birkin hannu, a sa wa taya waigi. Sauko. Fara daga bel na farko a gefen direba. Kama shi ka girgiza. In ya yi motsi, ƙara ja har hannun ƙarfen ya yi maka tauri, sannan ka kwantar da shi ya kulle. Matsa zuwa na biyu. Kama, girgiza, ƙara ja, kulle. Na uku ma haka. Har ka zagayo ɗaya gefen ka duba ƙugiyoyi. Kana iyawa, ɗan'uwa, aikin bai fi ƙarfinka ba.

Mu sake. Kama. Girgiza. Ƙara ja. Kulle. Rubuta waɗannan huɗun a littafinka.

Bayan wannan tsayawa ta farko, duk awa uku a sake, duk inda aka tsaya salla ko cin abinci a sake, bayan birki mai ƙarfi a sake, bayan ruwan sama a sake.

Kuma don Allah ku daina ce mini kun leƙa ta madubi kun ga komai daidai. Madubi yana jan bel ne? Wasunku sai su sauko, su bugi bel ɗaya da tafin hannu, su wuce wajen mai shayi. Ina sauran? Mai Adaidaita Sahu da ke bin ku a baya ɗauke da mata da yara bai san kun yi kasala ba. In oga ya ce sauri yake, ce masa: "Oga, a yi haƙuri, minti biyar." Kowane bel, da hannunka.

Darasi na 4: Tamfol

Tamfol na kare ruwa da ƙura ne, ba ya riƙe kaya. A ɗaure kaya tukuna, sannan a rufe. A ɗaure bakinsa kada iska ta shiga.

Darasi na 5: Dogon kaya

In rodi ko katako ya zarce bayan mota, ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa. Da dare a sa fitila.

Aikin gida: kwafi lambar da ke jikin bel ɗin motarku, ka zo da ita ranar Asabar.