Yadda Kwamitin Unguwa Zai Bi Sawun Tallafin Ƙasashen Waje a Lokacin Annoba

A ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Kamaru, a birnin Yawunde, kuma a ranar 19 ga watan Chadi ta sanar da nata. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, wato ranar 11 ga wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare taimako ya fara shigowa, har gidauniyar attajirin nan na ƙasar Sin, Jack Ma, ta aika wa kowace ƙasar Afirka kayan gwaji 20,000 da takunkumin fuska 100,000 da rigunan kariya 1,000. Mu da ke Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri mun ji wannan labari da ire-irensa a rediyo, amma ba kowane asibitin unguwa ne ya ga rabonsa a kan lokaci ba. Wannan jagora ta masu unguwanni ce da jaurawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa da na 'yan kasuwa, domin idan wata annoba ta sake zuwa, Allah Ya kiyaye, su san inda za su tambaya da abin da za su rubuta.

Abu na farko shi ne ku san irin taimakon da ake magana a kansa, domin sanarwa takan haɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kyautar kaya, kamar allurar rigakafi da takunkumi da na'urar iskar numfashi, wadda ake iya gani a ƙirga. Akwai kyautar kuɗi, wadda galibi ba ta shiga hannun gwamnati kai tsaye, sai ta bi ta hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya, ko ta ƙungiyoyin agaji. Sannan akwai bashi. Dala miliyan 226 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Kamaru a watan Mayu 2020, da wasu miliyan 156 da ya ƙara a watan Oktoba, rance ne mai sauƙin sharuɗɗa, kuma daga harajin jama'a za a biya shi. Haka nan jinkirin biyan bashi da ƙasashen G20 suka bayar daga Mayu 2020 zuwa Disamba 2021, wanda Kamaru da Chadi duk suka shiga, ɗaga lokacin biya ne kawai, bashin yana nan. Sanin wannan yana sauya yadda za ku yi magana a gaban hukuma: wanda yake tambayar kuɗin da shi da 'ya'yansa za su biya ba roƙo yake yi ba, kuma bai kamata ya ji kunyar tambaya ba. Saboda haka duk lokacin da kuka ji sanarwa, ku rubuta wanda ya bayar, da abin da ya bayar, da ranar da aka sanar, da ma'aikatar ko hukumar da ta karɓa. Littafi guda na makaranta ya isa, muddin mutum ɗaya ne amintacce yake riƙe da shi.

Daga nan sai ku san hanyar da kayan ke bi. A Kamaru kayan lafiya sukan sauka a Duwala ko Yawunde, su shiga hannun ma'aikatar lafiya, su zo ofishin wakilin ma'aikatar a babban birnin jiha, daga can zuwa gundumar lafiya, sannan zuwa ƙananan asibitocin da ke ƙarƙashinta. Allurar rigakafi tana bin tsarin shirin rigakafi na ƙasa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEV, shi ne kuma mai kula da allurar yara. Kowane mataki yana da takardar karɓa da takardar fitarwa. Wannan ne ya sa mutumin da ya fi muku amfani shi ne shugaban gundumar lafiyarku da shugaban asibitin unguwarku, domin su ne suka san adadin da aka rubuta musu da adadin da ya iso hannunsu. Zuwa wurin gwamna ko rubuta wa minista kafin a gana da waɗannan mutane biyu ɓata lokaci ne, kuma yakan ɓata zumunci da waɗanda za ku ci gaba da zama da su bayan annoba ta wuce.

A nan ne nake ganin mu Hausawan arewacin Kamaru muke da babban giɓi. Tsarin lafiya na ƙasar ya tanadi kwamitin lafiya na kowane yanki, wanda ake kira COSA, da na gunduma, wanda ake kira COSADI, kuma a cikinsu jama'a suna da wakilai da ke zama tare da ma'aikatan asibiti. A unguwanni da yawa mutanenmu suna kasuwa lokacin da ake zaɓen waɗannan wakilai, wasu kuma suna ganin zaman na masu jin Faransanci ne. Sakamakon haka shi ne idan rabo ya zo, ba a sami wanda zai faɗi halin da unguwar ke ciki ba. Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi. Sarkin Hausawa ko mai unguwa ya je wurin shugaban asibiti tun yanzu da ake zaune lafiya, ya tambayi su wane ne wakilan unguwar, da yaushe wa'adinsu zai ƙare, da yaushe ake taro. Idan babu wakili, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, ɗayansu mai karatu da rubutu da Faransanci, ɗayan kuma wanda jama'a ke jin maganarsa. Sanya mace a ciki ya zama dole, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ba, kuma a cikin waɗannan gidaje ne tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya suke.

Kwamitin unguwa da zai mara wa wakilan baya kada ya wuce mutum bakwai, kuma kada ya zama na dangi ɗaya ko na jam'iyya ɗaya. A sanar da lamiɗo ko lawan, a sanar da sufurefe, wato wakilin gwamnati mai mulkin yankinku, da magajin gari a rubuce, domin kada a wayi gari a ce an kafa wata ƙungiya a ɓoye. Idan kuna son ƙungiyar ta riƙa karɓar tallafi da sunanta, ku sani cewa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 da dokar ƙungiyoyi masu zaman kansu ta 1999 sun bambanta matsayin ƙungiyoyi, kuma karɓar kyauta yana da sharuɗɗa, don haka ku nemi bayani a ofishin perefe, wato na gaba da sufurefe, kafin ku karɓi ko sisi. Aikin sa ido, shi kam, ba ya bukatar asusun banki.

Mataki na gaba shi ne rubuta bukata kafin a tambaye ku. Masu ba da agaji suna aiki da alƙaluma, kuma unguwar da ta zo da takarda mai tsabta takan riga wadda ta zo da koke na baki. Ku zaga gida gida ku rubuta adadin magidanta, da tsofaffi, da masu hawan jini da ciwon sukari, da zawarawa masu riƙe da marayu, da makarantun allo da yawan almajiransu, da rijiyoyi da famfunan da ke aiki da waɗanda suka lalace. Kada ku manta da baƙin da ke zaune a cikinku, musamman a jihar Arewa Mai Nisa inda rikicin Boko Haram ya raba dubban mutane da garuruwansu. Waɗanda ke sansanin Minawao kusa da Mokolo suna ƙarƙashin kulawar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma waɗanda suka fake a gidajen 'yan uwa a cikin gari su ne aka fi mantawa da su. Kada a ƙara ko mutum ɗaya a kan gaskiya. Ƙungiyoyin agaji sukan aiko masu tantancewa, kuma suna ɗaya na ƙarya yana iya jawo a daina yarda da jerin gaba ɗaya. Bayan an kammala, a karanta ƙa'idar zaɓen masu cin gajiya a bainar jama'a bayan sallar Juma'a ko a ƙofar mai unguwa, amma cutar da mutum ke fama da ita sirrinsa ce, ba a karanta ta.

Ranar da kaya suka iso ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci. Wakilanku su kasance a wurin kafin a sauke, su nemi ganin takardar da ta rako kayan, su ƙirga kwali kwali da buhu buhu, su gwada da abin da aka rubuta. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a cika ba, kuma idan akwai ragi a rubuta shi a jikin takardar kafin a sa hannu. A ɗauki hoton takardar da waya. Idan magani ne ko allura, a duba ranar ƙarewar aiki, domin wannan matsala ta faru a zahiri: a watan Mayu 2021 Malawi ta ƙona allurai fiye da 19,000 da suka lalace, kuma a watan Disamba na shekarar Najeriya ta lalata fiye da miliyan ɗaya, waɗanda yawancinsu kyauta ce da ta iso saura makonni kaɗan ta ƙare. Ku kuma tambayi halin da firjin asibiti ke ciki. Yawancin alluran da suka zo mana suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, alhali zafin Marwa da Kusiri a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Idan firjin ya lalace ko babu na'urar hasken rana, wannan ita ce bukatar da ya kamata ku sa a gaba a takardarku, tun kafin a yi maganar allurar kanta.

Kaya suna iya isowa lafiya su zauna a ɗakin ajiya saboda jama'a sun ƙi su. Kamaru ta karɓi allurar rigakafin korona ta Sinopharm 200,000 daga Sin a watan Afrilu 2021, kwanaki kaɗan bayan haka kuma AstraZeneca 391,200 ta COVAX, shirin raba allurar korona ga ƙasashen duniya, wanda ƙungiyoyin rigakafi na Gavi da CEPI da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta, UNICEF kuma take jigilar kayan. Chadi ta fara nata rigakafin a watan Yuni na shekarar. Duk da haka mutane kaɗan ne suka fito da farko, saboda jita-jitar da ta cika WhatsApp. Maganin wannan shi ne kwamiti ya gayyaci likita ko ma'aikacin jinya ya zauna da malamai da dattawa, a yi masa tambayoyi da Hausa ko Fulatanci ba tare da an raina mai tambaya ba, ya faɗi abin da allurar ke yi da ɗan zazzaɓin da takan jawo. Wanda ya ji bayani daga bakin limaminsa da ungozomar unguwarsu ya fi saurin natsuwa a kan wanda ya ji daga lasifikar mota. A garuruwan iyaka kamar Kusiri, inda gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu da Njamena, ya dace kwamiti ya riƙa tuntuɓar 'yan uwa na ɗaya ɓangaren, domin direbobi da fatake su san takardun lafiyar da ake nema a kowane gefe kafin su ɗaura kaya. A lokacin korona lambar kiran gaggawa a Kamaru ita ce 1510, a Chadi kuma 1313. Idan sabuwar annoba ta zo, ku tabbatar da lambar da hukuma ta sanar ku rubuta ta a bangon masallaci da kasuwa.

Idan kuka ga an karkatar da kaya, ko ana sayar da abin da aka ce kyauta ne, ku bi matakai da haƙuri. Ku fara da shugaban asibiti, domin sau da yawa ragin daga sama ya faro kuma shi ma yana neman wanda zai shaida masa. Idan ba a warware ba, a rubuta wa shugaban gunduma, a ba sufurefe kwafi, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Manyan ƙungiyoyin agaji suna da akwatin ƙorafi ko lambar waya, kuma haƙƙinku ne ku tambaye su a ranar da suka fara aiki a unguwarku. Ga cin hanci kuma akwai hukumar yaƙi da shi ta Kamaru, CONAC, mai lambar waya 1517. Kada a ambaci sunan mutum a dandalin sada zumunta ba tare da hujja ba, domin zunubi ne kuma yana iya kai mutum kotu. Wannan bincike ba rashin ladabi ba ne ga hukuma: gwamnatin Kamaru da kanta ta yi alkawarin bincikar kuɗin korona lokacin da ta karɓi rancen 2020, kuma rahoton da sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar a 2021 kan asusun haɗin kai na yaƙi da korona mai sefa biliyan 180 ya nuna kura-kurai masu yawa wajen ba da kwangila da sayen kayan gwaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayu 2023, an rufe shirin COVAX a ƙarshen shekarar, kuma a watan Mayu 2025 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniya kan tunkarar annoba, wadda ke nufin a gyara rabon allura da magani tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Kafin amfaninta ya iso unguwanninmu, kwamitin da kuka kafa yana da aikin yi a kowace shekara, domin kwalara takan ɓulla da damina a yankin tafkin Chadi, ƙyanda da sanƙarau kuma da rani, ga rabon gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro na yara, waɗanda yawancinsu da kuɗin abokan hulɗa na waje ake yi. Ku riƙa sabunta jerin gidaje sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka, ku karanta wa jama'a abin da ya shigo da yadda aka raba, kuma idan an sauya mai riƙe da littafi, a miƙa shi a gaban shaidu biyu.