Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar na'urar Wi-Fi ta masu kallo da yawa

Masu ɗakunan kwanan ɗalibai, masu otal da masu sayar da Wi-Fi a unguwa kukansu ɗaya ne: da rana komai lafiya lau, amma da an idar da sallar isha'i kowa ya buɗe YouTube, sai bidiyo ya tsaya cak. Sau da yawa tun a shago aka yi kuskuren, wajen sayen na'urar watsa sabis da masu sana'a ke kira AP.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga AC1200, haɗawa aka yi: 300 Mbps (ma'aunin gudun intanet) na zangon 2.4 GHz da 867 na zangon 5 GHz, aka cike lissafin zuwa 1200. Wayar mutum ɗaya kan zango guda take hawa, kuma ba ta samun cikakken gudun da aka rubuta. Juya na'urar ka dubi ramin kebul. Da yawa daga masu araha a 100 Mbps suke tsayawa, don haka nemi mai gigabit, wato 1,000 Mbps.

Sai rashin lissafi. YouTube na ba da shawarar 5 Mbps don bidiyon 1080p, da 2.5 don 720p. Mutum 30 na kallon 1080p lokaci guda, 150 Mbps ke nan. Idan layin da kamfani ya ba ka 50 ne, babu na'urar da za ta ƙara maka shi. Ko ka ƙara layi, ko ka yanka wa kowa iyakar gudu a saitin na'ura, kada mai sauke fim ya cinye rabon jama'a.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sayen na'ura ɗaya "mai ƙarfi" a ce ta wadatar da gida mai bene. Wi-Fi kamar layin famfo yake, bi da bi ake ɗiba. Wayar da ke can ƙuryar ɗaki, bayan bangon bulo uku, a hankali take karɓa, tana riƙe layin, na kusa ma su sha jira. Kuma ko na'urar ta kai wa wayar sabis, wayar ba ta da ƙarfin mayar da amsa. Shi ya sa za ka ga sabis a cike amma babu abin da ke buɗewa. Gara na'urori biyu ko uku matsakaita, kowane hawa da tasa, a maƙala a silin a fili, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba. A ja wa kowace kebul, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Mai PoE ta kebul ɗin take shan wuta, sai ka ɗora suwic, akwatin da kebul ɗin duka ke fitowa daga cikinsa, kan inbata, ko an ɗauke wuta duk suna aiki.

Rifita, wato na'urar da ke karɓar Wi-Fi ta ƙara masa nisa, ba ta maye gurbin kebul. Mai rediyo ɗaya tana karɓa tana sake watsawa a tasha guda, gudun ya ragu kusan rabi.

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Raba su tsakanin na'urorinka, ka tura masu kallo zuwa 5 GHz. In da hali sayi Wi-Fi 6, wanda aka fara tantance na'urorinsa a 2019, domin yana iya raba tasha ɗaya ga wayoyi da yawa lokaci guda, muddin wayoyin ma suna da shi.