Matar soja, ga takardun da za ki tanada tun maigida na raye

'Yar uwa maganar nan ba daɗi amma gara a yi ta tun da wuri. Da yawa daga matan sojan da haƙƙinsu ya maƙale bayan rasuwar miji, takarda ce ta kayar da su.

Ki zaunar da maigida ki tambaye shi sunan wa ya rubuta a fom ɗin magaji. Wasu tun suna depo a Zariya, inda ake horar da sabbin sojoji, suna samari suka cike shi, suka sa sunan baba ko yayansu, yanzu ga mata ga yara amma fayil bai san da zamansu ba, kuma in ta Allah ta kasance wancan sunan za a nema. Ya je ofishin yunit ɗinsu ya sabunta, a shigar da auren da kowane yaro. Dan Allah kar kunya ta hana ki.

Ke kuma ki adana takardar aure, ta haihuwar yara, lambar aikinsa, NIN da BVN, da asusun banki mai sunanki. Sunan ya zo ɗaya ko ina, Hauwa'u a nan Hauwa a can kaɗai ya isa a yi ta dawo da ke.

In rasuwar ta zo, ki karɓi wasiƙar ta'aziyya daga kwamandansa da satifiket na mutuwa, da su ake buɗe komai. Kuɗin ba daga waje ɗaya suke fitowa ba. Akwai na Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse Alhaji a Abuja, tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na adashi don haka can za ki dosa. Akwai inshorar rai, sojan ƙasa na da NAWIS, wato inshorar jin daɗin sojojin ƙasa, akwai kuma tallafin karatun yaran wanda ya rasu a bakin aiki, wannan sai kin nema da kanki, ki tambaya kar ki zauna jira. Fotokwafi za ki riƙa bayarwa, asalin takarda ya zauna a hannunki, duk wanda ya ce ki kawo wani abu ya tura miki fayil ki kai maganar ga shugabannin NASWA (ƙungiyar matan ƙananan sojoji) ko NAOWA (ta matan hafsoshi) na barikinku.

In kuɗi sun shigo kuma akwai kishiya ko iyayensa na raye, kar a taɓa ko sisi sai an je kotun shari'a ko wajen malamin da ya san rabon gado, haƙƙin marayu ne a ciki.