Shawara Ga Wanda Zai Fara Kingdom Come: Deliverance

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kwana huɗu ina buga wannan wasan bidiyo, wanda kamfanin Warhorse Studios na birnin Prag ya fitar a 2018, kuma ina ganin ya dace in yi wa masu niyyar farawa tsokaci.

Labarin yana faruwa ne a ƙasar Bohemiya (wadda a yau take cikin Jamhuriyar Czech) a shekarar 1403, inda mutum zai zama Henry, ɗan maƙeri wanda bai iya riƙe takobi ba, bai kuma iya karatu ba. Yana jin yunwa da barci, abincinsa yana lalacewa, kuma idan tufafinsa suka yi datti mutane ba sa ganinsa da kima. Wannan ne ya fi burge ni.

Babbar shawarata ita ce a kula da adana wasan, wato ajiye inda aka tsaya don a ci gaba daga nan, domin ba ko yaushe ake samun damar yin hakan ba, sai Henry ya kwanta a gado, ko ya sha wani abin sha da ake saye, ko lokacin fita daga wasan, ko kuma a wasu wurare da wasan ke adana kansa. A nan Kano, inda ake ɗauke wuta babu sallama, na yi asarar wasan awa biyu a gidanmu da ke Gwale, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Saboda haka, kafin kowace doguwar tafiya, ku mayar da Henry makwancinsa tukuna.

Idan kun isa garin Rattay, ku daure ku yi atisaye wajen Kyaftin Bernard, mai koyar da dabarun faɗa, kafin ku tunkari 'yan fashi. Sannan kada a buga shi a gaban yara, domin akwai zubar da jini da shan giya a cikinsa.